A Ɗan Matsa, Zan Ɗauki Hoto

A arewacin Landan, a unguwar Hendon, akwai wani tsohon filin jirgin sama da aka mayar gidan tarihin rundunar sojan sama ta Birtaniya. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi a 1972. In ka sauka daga jirgin ƙasa a tashar Colindale, 'yar tafiya ce da ƙafa, kuma ba a karɓar ko sisi a ƙofa. Manyan rumfunansa cike suke da jiragen yaƙi, tun daga na katako da zane da aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya da su, har zuwa waɗanda gudunsu ya fi na sauti. Kusan kowa da waya ko kyamara a hannu yake shiga, kuma kusan kowa hali ɗaya yake nunawa. Mutum zai sami inda zai tsaya, ya ɗaga kyamara, ya daidaita, sai kuma ya sauke ya jira. Jira yake tsohon nan mai sanda ya wuce, 'yan makarantar nan su gama tsalle-tsallensu, matar nan mai tura jariri ta kauce. Wani har hannu yake ɗagawa yana roƙo a ɗan matsa masa. Sai wuri ya yi fayau, jirgi ya rage shi kaɗai, sannan a danna.

Inda aka fi yin wannan jira shi ne gaban wani jirgin jefa bama-bamai samfurin Lancaster, mai lamba R5868, wanda aka fi sani da babban harafin S da ke gefensa. Ba na ganin laifin masu hoto, domin jirgin ya isa a tsaya masa. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 31 ne, yana da injuna huɗu samfurin Merlin, kowanne da farfela mai kunne uku, tayarsa ɗaya ta kai kafaɗar babban mutum. Cikinsa baƙi ne wuluk. An yi masa fentin haka ne saboda da dare yake aiki, kada fitilun da ake haskowa daga ƙasa su kama shi da sauƙi. Wannan baƙi yana wahalar da mai kyamara ƙwarai, don rumfar ba ta da haske sosai, fentin yana shanye ɗan wanda ke akwai, fitilar waya kuwa ba ta kai ko'ina. In ka ja da baya don jirgin ya shiga duka, sai fiffiken wani jirgin ya gitta maka. In ka matso, hanci kawai za ka samu. Dole ka zaɓa, kuma akasarin mutane hancin suke zaɓa, ta ɓangaren hagu, inda aka zana ƙananan bama-bamai jeri-jeri, kowane ɗaya yana nufin fita ɗaya zuwa kai hari. An lissafa wa jirgin fita 137. Kusa da zanen an rubuta cika-bakin da aka danganta wa Hermann Göring, shugaban sojan saman Hitila, cewa babu jirgin abokin gaba da zai ratsa samaniyar Jamus.

Hoton yana fita da kyau, ba ƙarya. Damuwata ita ce jirgin nan bai taɓa yin taku ɗaya ba tare da mutane ba, mu kuwa ga mu muna jira mutane su fice kafin mu ɗauke shi.

Mutum bakwai ke cikinsa duk daren da ya tashi. Akwai matuƙi, da injiniya a gefensa yana lura da mai da zafin injuna, da mai duba taswira a bayan labule da 'yar fitilarsa, da mai rediyo, da mai saita bam kwance rub da ciki a can hanci, sai maharba biyu, ɗaya a gadon bayan jirgi ɗaya a wutsiya. Yawancinsu samari ne 'yan shekara 20 da 'yan kai, wasu ma ba su kai ba. Ba Ingilishi kaɗai ba ne. Akwai 'yan Kanada da Ostireliya da New Zealand da Poland da tsibiran Karebiya, har da 'yan Afirka ta Yamma irin su John Smythe na Saliyo, mai duba taswira, wanda aka harbo jirginsu a 1943 ya yi zaman fursuna a Jamus. Shi kansa wannan S ɗin, wata runduna ta Ostireliya ce ta yi aiki da shi daga ƙarshen 1943 har aka gama yaƙi.

Wanda ke son sanin Lancaster da gaske, ya bar hanci ya zagaya wutsiya, inda ba a cika cunkoso ba. A can akwai wani ƙuntataccen wurin zama da aka kewaye da gilashi, bindigogi huɗu sun leƙo ta cikinsa. Nan maharbin baya yake zama awa shida, awa takwas, wani lokaci fiye, shi kaɗai, ya ba sauran abokansa baya, ba ya ganinsu sai dai muryarsu a kunne. Sanyi a can sama yakan kai maki 30 zuwa 40 ƙasa da sifili. Duk da haka da yawa cikinsu cire gilashin da ke gabansu suke yi, su bar iska tana dukan fuska, domin ɗan dattin da ke jikin gilashi na iya ɓoye jirgin Jamus da ke lallaɓowa cikin duhu. Wurin ya yi ƙanƙanta har laimar tsira ba ta shiga tare da shi, a bayan ƙofarsa take rataye, cikin jikin jirgi. In wuta ta kama, sai ya juyo da wurin zamansa daidai, ya buɗe ƙofa ta baya, ya lalubo laimar, ya maƙala ta a ƙirji, ya sake juya wurin zaman gefe, sannan ya sulale da baya zuwa cikin iska. Duk wannan a cikin duhu, jirgi yana juyawa yana gangarowa. In ka tsaya a wurin ka auna faɗinsa da kafaɗarka, babu allon bayanin da zai ƙara maka wani abu.

Waɗanda ke gaba kuwa, ƙofar tsirarsu tana ƙasan hanci, faɗinta kamar santimita 56 ne, tsawonta kamar 67. Mutum kuma yana sanye da kayan sanyi masu kauri, ga laima a ƙirji. Freeman Dyson, masanin lissafi da ya yi aikin bincike a rundunar jiragen jefa bama-bamai ta Birtaniya yana saurayi, ya daɗe yana jimamin ƙanƙantar wannan ƙofa. A lissafin da ya bayar, cikin kowane mutum 100 da aka harbo a Lancaster kimanin 15 ne ke fita da rai, alhali a jirgin Halifax, mai ƙofa mafi faɗi, ana samun kamar 25. Tafin hannu guda na faɗin ƙofa ya raba samari masu yawa da iyayensu, amma da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya ɗauki hoton ƙofar.

Kimanin mutum 125,000 ne suka yi aiki cikin jiragen jefa bama-bamai na Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, 55,573 daga cikinsu suka mutu. An ƙera Lancaster 7,377, fiye da 3,000 aka rasa a fagen fama, 35 kacal suka kai fita 100. Ke nan lambar 137 da kowa ke ɗauka, ba labarin Lancaster ba ce. Labarin jirgi ɗaya ne da Allah ya ja kwanansa. Haka gidan tarihi yake a ko'ina, abin da ya tsira yake iya ajewa, sai ya wanke shi, ya yi masa fenti, ya kunna masa fitila. Mai ziyara in bai yi hattara ba, zai fita da tunanin cewa waɗannan jirage zuwa suke su dawo.

Akwai kuma wasu mutanen da hoton ke fitarwa, waɗanda suka fi waɗancan yawa. Masu kyamara suna son durƙusawa su ɗauki jirgi daga ƙasa, domin haka ya fi kwarjini. Duk wanda ya durƙusa haka, abin da ke samansa shi ne rumbun bama-bamai mai tsawon mita 10, wanda ke ɗaukar kaya fiye da tan shida a fita ɗaya. Ya tsaya ke nan a inda mutanen Hamburg suka tsaya a watan Yuli na 1943, lokacin da aka yi wa birnin ruwan wuta har gobara ta zama guguwa, mutum kusan 40,000 suka halaka cikin 'yan kwanaki. Ya tsaya inda mutanen Dresden suka tsaya a Fabrairu 1945, inda aka rasa har kusan 25,000. Su ba su ma ga jirgin ba, rugugin injunansa kawai suka ji daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Ba ina wanke Hitila ba ne. Shi ya kunna wutar, kuma jiragensa sun kashe farar hula fiye da 40,000 a biranen Birtaniya tsakanin Satumba 1940 da Mayu 1941. Duniya ta yi sa'a da aka ci shi da yaƙi. Sai dai jaririn da ya shaƙi hayaƙi a Hamburg bai zaɓi kowa ba, bai kuma yaƙi kowa ba. Kyan Lancaster kyan ɗan maciji ne, ya kamata mai kallonsa ya san haka ko da yana yaba ƙirarsa.

Su kansu Turawan Ingila abin ya daɗe yana yi musu nauyi a zuciya. Sai a 2012, shekara 67 bayan gama yaƙi, aka buɗe wurin tunawa da waɗannan samari a Green Park, tsakiyar Landan. Abin da aka kafa a wurin gumakan tagulla ne na mutum bakwai tsaye cikin kayan aiki, a gajiye, babu jirgi tare da su. An kuma rubuta a jikin ginin cewa ana tunawa da mutanen kowace ƙasa da bama-bamai suka kashe a wancan yaƙi.

A Hendon akwai jirgi ɗaya da ba ya bari a yi masa hoton kwalliya, kuma a ganina shi ne mafi daraja a gidan. Halifax ne mai lamba W1048. Shi ma harafin S aka ba shi a rundunarsa, amma kwanansa bai yi tsawo ba. A daren 27 ga Afrilu 1942 ya tashi daga Sikotilan, fitarsa ta farko, don kai wa babban jirgin ruwan yaƙin Jamus, Tirpitz, hari a wani lungun teku kusa da Trondheim a ƙasar Nowe. Harsashi daga ƙasa ya same shi, fiffike ya kama wuta. Matuƙinsa, wani ɗan Kanada mai suna Don MacIntyre, ya lallaɓa ya kwantar da shi a kan wani tafki da ya daskare, Hoklingen. Duk su bakwai suka fita da rai. Shida suka tsallaka zuwa Suwidin da taimakon mutanen yankin, ɗaya da ya karye a ƙafa ya faɗa hannun Jamusawa. Bayan 'yan awoyi ƙanƙarar ta buɗe, jirgi ya nutse. Shekara 31 ya yi a ƙarƙashin ruwa kafin a ciro shi a 1973.

Masu gidan tarihin sun yanke shawarar kada a mayar da shi sabo. Yana nan kwance da ciki a ƙasa, ba tayoyi, fatarsa ta ƙarfe a yayyage, haƙarƙarinsa a waje, launinsa ya koma na tsatsa. Ko ta ina ka ɗauke shi ba zai yi kyan kalanda ba, shi ya sa mutane da yawa ke danna sau ɗaya su wuce. Amma tsaya ka lura da waɗanda suka daɗe a gabansa. Tambayar da ke fara fitowa daga bakinsu ita ce, mutanen ciki fa, sun tsira? Ba a cika jin wannan tambaya a gaban jirgin da ke ƙyalli ba, a can tambayar gudu ake yi da nauyin bam. Lalacewar Halifax ce ta mayar da mutane cikinsa. Ina jinjina wa duk wanda ya hana a shafa masa fenti, domin ya fahimci cewa gyara ma na iya share shaida.

Ga mai karatu Bahaushe, akwai jirage biyu a Hendon da ya kamata ya nema ko da ƙafarsa ta gaji. Na farko jirgin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, samfurin DH.9A, mai fukafukai sama da ƙasa, jikinsa katako da zane da wayoyi, wurin zaman mutum biyu a buɗe ba rufi. Wannan shi kaɗai ya rage a duniya, kuma kama shi da aka yi ne ya tsirar da shi. Ya faɗa hannun Jamusawa a Oktoba 1918, aka aje shi a wani gidan tarihi a Berlin, yaƙi na biyu ya kai shi Poland, sai a 1977 aka musanya shi da wani jirgi samfurin Spitfire ya koma Ingila. Irin wannan jirgi guda uku ne suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoba 1925, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka ratso Sudan da Chadi, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, a zamanin Sarki Usman. Ka tsaya gabansa ka tuna cewa wannan siffa ce kakanninmu suka fara gani tana saukowa daga sama. Ka kuma tuna cewa a waɗannan shekaru ɗin, irin wannan jirgi ne Turawan mulki ke jefa wa ƙauyukan Iraƙi bama-bamai da shi in sun ƙi biyayya, domin sun ga ya fi tura sojan ƙasa araha. Zuwansa Kano ziyara ce, amma ziyarar mai nuna abin da ke hannunsa.

Na biyu shi ne Hurricane, ɗan ƙaramin jirgin faɗa mai matuƙi ɗaya. Turawa suna ɗaukarsa hoto don ya kare musu Landan a 1940. Mu muna da wani dalili daban. Da tekun Bahar Rum ya zama hatsari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa kawo irin waɗannan jirage a cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gwalkwas, Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, su kwana a Kano, su bi ta Maiduguri da El Geneina da Khartoum har Masar. Daga Satumba 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Wanda ya riƙa karɓarsu yana yaƙi da su a hamadar Afirka ta Arewa shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka Kano shekara 15 da 'yan kai kafin nan. Ba jirgin da zai sauka inda ba a share fili ba. Akwai leburorin da suka sare itatuwa, suka daɓe ƙasa, suka gangara da durom-durom na mai, suka yi gadi cikin hunturu da bazara. Akwai kanikawan da suka kwana suna tace ƙura daga injuna. A masana'antun Ingila ma, mata da yawa ne suka buga ƙusoshin da ke jikin waɗannan jirage. In ka matsa kusa da fiffike ka ɗauki layin ƙusoshin nan, ka ɗauki aikin hannun wani mutum da ba a rubuta sunansa a allo ba.

Wani zai ce wannan duk tsohon zance ne na Turai. Ban yarda ba, domin halin nan na son ganin jirgi shi kaɗai yana tare da mu. Duk lokacin da aka sayo sababbin jiragen yaƙi, kamar Super Tucano 12 da Najeriya ta karɓa daga Amurka a 2021, hoton da jaridu ke bugawa na jirgi ne a tsaye a fili yana sheƙi, mu kuma mu yi ta turawa juna a waya. Muna da hujjar murna, domin masu tayar da ƙayar baya sun addabe mu, kuma akwai matuƙa 'ya'yanmu da suka ba da ransu a wannan aiki. Sai dai mutanen Rann a jihar Borno, inda jirgin soja ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira a Janairu 2017, da mutanen Tudun Biri a jihar Kaduna, inda jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu taron Mauludi a Disamba 2023, sun san jirgi ta ɓangaren da hoton jarida ba ya nunawa. Idon da ya saba kallon ƙarfe ba tare da mutum ba, yana saurin karɓar irin waɗannan labarai a matsayin lamba kawai.

Ba cewa nake kada a ɗauki hoton jirage ba. A ɗauka, a kuma ƙware. Shawarata ita ce a daina korar mutane daga ciki. In yaro ya tsaya kusa da taya, ɗauke su tare, shi zai nuna girmanta. In tsoho ya daɗe a gaban wutsiya bai motsa ba, nemi izininsa ka ɗauke shi a haka, wataƙila mahaifinsa ne ya zauna a irin wurin. A ɗauki ƙofar tsira, da kujerar ƙarfe, da facin da aka yi inda harsashi ya huda. A ɗauki allon bayani ma, domin hoton da ba a san na mene ne ba, bayan shekara biyu ya zama shara a cikin waya.

Wanda bai da halin zuwa Landan, akwai gidan tarihin yaƙi a Umuahia, jihar Abiya, inda aka aje jiragen yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970. Akwai MiG-17 da Ilyushin 28 na Tarayyar Soviet da gwamnatin tarayya ta yi amfani da su, waɗanda kason farko na MiG ɗin a Kano aka sauke shi a watan Agusta 1967. Akwai kuma irin ƙaramin jirgin nan na Suwidin da wani matuƙi mai suna Carl Gustaf von Rosen ya ɗaura wa rokoki ya kai hare-hare da shi a ɓangaren Biyafara a 1969. A nan mun fi masu ziyartar Hendon dama, don mutanen Lancaster kusan duk sun ƙare, namu kuwa da sauransu. Yaron da yake da shekara 10 a 1968 yanzu ya doshi 70. Akwai tsofaffin kanikawa da sojojin sama a Kaduna da Kano da Makurɗi da suka taɓa waɗannan injuna da hannunsu, akwai kuma tsofaffi a Umuahia da Aba da Owerri da suka kwanta a kwata sa'ad da jiragen ke wucewa. Wayar da za ta ɗauki hoton jirgin tana iya naɗar murya. Duk mai niyyar zuwa, ya fara neman ɗaya daga cikin waɗannan dattawa, ya gaishe shi, ya nemi izini, ya tambaye shi abin da ya gani tun yana da ƙarfin ba da labari.